Ni'imatu da Muƙalar Ranar Kasuwa

Ni'imatu 'yar garin Sule Tankarkar ce, kuma duk wanda ya taɓa zama aji ɗaya da ita ya san Allah ya yi mata baiwar magana. Tun tana sakandare ita ake turawa gasar muhawara. Ta je Gumel ta ciwo kofi, ta je Dutse ta dawo da wani. Idan ta miƙe tana jero hujjoji, har alƙalan gasa sukan saki baki suna kallonta. Sai dai wannan baiwa ta haifar mata da wani hali marar kyau. Ni'imatu ba ta son a gyara mata abin da ta rubuta, kuma ba ta da haƙurin komawa kan aikin da ta riga ta ce ta gama. A ganinta abin da ya fara fitowa daga kanta shi ne daidai. Wanda duk ya ce ta sake dubawa, to ko dai bai fahimce ta ba, ko kuma yana yi mata hassada.

Da ta gama sakandare ta samu gurbi a kwalejin horar da malamai a Gumel, a sashen koyar da ilimin firamare. A shekarar ƙarshe, ƙa'idar sashen ita ce kowane ɗalibi ya rubuta doguwar muƙala, ya ɗauki matsaya ɗaya a kan wata matsala ta ilimi, ya kafa mata hujjoji, sannan ya tsaya gaban kwamitin malamai ya kare ta. Wanda muƙalarsa ba ta wuce ba, ba zai fita tare da 'yan ajinsa ba, sai ya jira wata shekarar.

Ni'imatu ba ta sha wahalar zaɓen batu ba. Tana ƙarama mahaifiyarta, Inna Mairo, tana sayar da shinkafa da wake a kasuwar garinsu. Duk ranar da kasuwa ta ci, Ni'imatu ba ta leƙa makaranta, tana can rumfa tana wanke kwanuka tana miƙa wa masu cin abinci ruwa. Washegari sai ta tarar an wuce ta a lissafi, ga kuma bulala tana jiranta a bakin aji. Abin ya daɗe yana ci mata rai. Saboda haka matsayar da ta ɗauka ita ce a riƙa rufe makarantun firamare na garuruwan kan iyaka a ranar kasuwarsu, a mayar da karatun wannan rana zuwa Asabar.

Malamin da aka ba ta ya duba aikinta shi ne Malam Enoch, wani dattijo ɗan asalin Filato wanda ya daɗe a Gumel har 'ya'yansa ba su san wani gida ba sai nan. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya tsawa, amma ɗalibai suna shakkar jan bironsa. Da ta faɗa masa batun, ya ce ya burge shi, domin matsala ce da kowa yake gani amma ba kasafai ake rubutu a kanta ba. Ya ba ta shawarar ta fara zagaya makarantu ta ga yadda abin yake, ta karanta abin da wasu suka rubuta a kan fashin makaranta, kafin ta zauna ta fara nata.

Ni'imatu ta ce to, amma a ranta tana ganin ɓata lokaci ne. Me za ta je gani wanda ba ta gani ba tun tana yarinya? Ta zauna a ɗakin kwanan ɗalibai a ƙarshen mako guda ta zuba rubutu kamar ana zuba mata shi, ta kai shagon buga takardu aka buga mata. Ƙawarta Sharifa, 'yar Gagarawa, wadda suke ɗaki ɗaya, ita ta fara karantawa. Ta ce rubutun yana da daɗi kamar ana sauraron jawabi a rediyo. Amma da ta zo wurin da aka ce bincike ya nuna kashi saba'in cikin ɗari na yara ba sa zuwa makaranta ranar kasuwa, sai ta ɗago kai ta tambaya wane bincike ne wannan. Ni'imatu ta karɓe takardunta ta ce kowa ya san haka abin yake, da idonta ta gani, kuma ba wanda zai tsaya ƙidayar yara a kan maganar da take a fili.

Da Malam Enoch ya dawo mata da muƙalar, da ƙyar ta gane ta. Babu shafin da jan biro bai ratsa ba. Ya nuna mata kujera, ya cire tabarau ya ajiye.

Ya ce, "Ni'imatu, kin iya rubutu, wannan ba na ja. Amma abin da kika kawo mini jawabin muhawara ne, ba muƙala ba ce. A muhawara za ki yi ruwan magana ki zauna, a tafa miki, a wuce wurin. Ita kuwa takarda zama take yi a hannun mutum. Zai karanta, ya koma baya, ya yi mata tambaya, ke kuma ba kya nan balle ki ɗaga murya ki rufe tambayar."

Ya buɗe shafin da ke da kashi saba'in ɗin, ya ce yana son ya ga inda ta samo shi. Ya nuna mata sakin layin da ta kira masu adawa da ra'ayinta maƙiyan ilimin talaka, ya ce zagi ba hujja ba ne, kuma mutanen da take zagi su ne waɗanda take buƙatar ta shawo kansu. Abin da ya fi tsayawa a kai shi ne, tun daga farko har ƙarshe babu wuri ɗaya da ta kawo abin da wanda bai yarda da ita ba zai ce. Daga nan ya tambaye ta ko Asabar ɗin da take son ɗauka ba ta da mai ita. Ni'imatu ba ta ma tsaya jin tambayar ba, domin zuciya ta riga ta rufe mata kunne. Ta tattara takardu ta yi sallama a daƙile ta fita.

A ɗaki ta zazzage wa Sharifa. Ta ce mutumin nan bai san kasuwar ƙauye ba, bai taɓa wanke kwano a rumfa ba, ra'ayinta ne kawai ba ya so. Sharifa ta tuna mata cewa Malam Enoch yana koyarwa a ƙasar Gumel tun kafin a haife su, kuma tambayar da ya yi a kan lissafin ita ma ta yi ta. Ni'imatu ta juya mata baya, suka yi kwanaki ba su yi wata doguwar magana ba.

Abin da ta yi kawai shi ne ta gyara kurakuran rubutu, ta sa waƙafi inda ya ɓace, ta sake bugawa ta mayar. Malam Enoch ya jera tsohuwar da sabuwar a kan tebur, ya duba su shafi da shafi, ya miƙo mata ya ce ba zai sa hannu ba. Daga ofishinsa ba ta tsaya ko'ina ba sai ofishin shugaban sashe. Ta ce malaminta yana riƙe mata aiki ne don ya ƙi jinin matsayarta, ta roƙa a bar ta ta gabatar a zaman gwaji, wato zaman da ake yi gaban malamai da ɗalibai kafin ainihin ranar kare muƙala. Shugaban sashen ya ce a al'ada ɗalibi ba ya hawa wannan zama sai malaminsa ya gamsu, ya shawarce ta ta koma ta yi gyaran. Ta dage. A ƙarshe ya ce to shi ke nan, tun da ta ce an zalunce ta, ta zo kowa ya ji.

Ranar gwajin zauren ya cika, domin labari ya zagaya cewa Ni'imatu za ta yi magana. Ta kuwa yi. Ba ta kalli takarda ba ko sau ɗaya. Ta kwatanta yarinya mai tallar gyaɗa tana wucewa ta bayan tagar ajinsu tana jin muryar 'yan'uwanta suna karatu, har wasu ɗalibai mata suka riƙa share ido. Da ta gama aka tafa mata sosai. Ta dubi inda Malam Enoch yake zaune a gefe, ta ga kansa a sunkuye, ta ɗauka kunya ce ta kama shi.

Sai aka buɗe fagen tambayoyi. Wani ɗalibi da ke koyarwa a Islamiyya idan an yi hutu ya miƙe ya ce a yawancin garuruwan nan Asabar da Lahadi su ne ranakun da yaran boko suke samun cikakken karatun Islamiyya, to ina za a kai wannan? Ni'imatu ta ce wannan ƙaramar magana ce, za a iya daidaitawa. Zauren ya ɗauki guna-guni, domin rabin waɗanda ke ciki a irin wannan karatu na Asabar suka tashi.

Bayan shi sai malamin da ke koyar da ƙididdiga ya ɗaga kwafin muƙalar. Ya tambaye ta cikin natsuwa daga ina ta samo kashi saba'in cikin ɗari. Ta ce daga wani rahoto. Ya tambayi sunan rahoton, da wanda ya wallafa shi, da shekarar da ya fito. A ƙarshe Ni'imatu ta ce, da murya ƙasa ƙasa, ƙiyasi ne ta yi bisa abin da ta gani tana yarinya.

Malamin ya ce, "Amma a nan kin rubuta cewa bincike ya nuna."

Shugaban sashe ya gyara zama, ya ce wannan ya wuce maganar rauni a rubutu. Ƙirƙirar alƙaluma a jingina su ga binciken da ba a yi ba laifi ne da dokar makaranta ta ce a kai gaban kwamitin ladabtarwa, kuma hukuncinsa yana iya wuce maimaita shekara, ya kai ga kora. Ni'imatu ta dafa teburin da ke gabanta. Ta tuna Inna Mairo ta gama gaya wa duk matan layin masu abinci cewa bana 'yarta za ta dawo gida a matsayin malama. Ta rasa da wane ido za ta kalle ta.

A nan ne Malam Enoch ya miƙe. Ni'imatu ta runtse ido, domin ta tabbata zai ƙarasa ta ne, kuma ta san ba za a ga laifinsa ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon a duba shafin farko. Babu sa hannuna a kai. Aikin da mai dubawa bai sa wa hannu ba, ba a miƙa shi ba tukuna, daftari ne. Abin da ta yi kuskure ne babba, na kuwa gaya mata. Amma batun da ta ɗauko na gaske ne, yaran nan suna nan. Asara ce a jefar da batun tare da daftarin. A ba ni ita zuwa ranar da za a kafe sunayen masu karewa. In har lokacin ban sa hannu ba, ta jira baɗi."

Malaman suka haɗa kai suka ɗan tattauna. Shugaban sashe ya ce an amince, amma wannan ita ce dama ta ƙarshe. Ni'imatu ta ji kamar an sauke mata buhun gero daga ka. Ba ta san yadda ta isa kujerarta ba, sai dai ta ji hannun Sharifa a kafaɗarta.

Washegari da safe ta je ofishin Malam Enoch. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta zauna ba, ta ba shi haƙuri, ta kuma faɗa masa da bakinta abin da ta je ta gaya wa shugaban sashe a kansa.

Ya ce, "Na sani, tun ranar aka gaya mini. Kuma kada ki ɗauka ban ji haushi ba, na ji. Amma haushina ba zai gyara muƙalar ba. Zauna. Ni har yanzu ban sani ba ko kina da gaskiya ko ba ki da ita. Aikinki shi ne ki gamsar da ni."

A makonnin da suka biyo baya Ni'imatu ta yi abin da ya kamata ta fara da shi. Ta karɓi takardar izini daga sashe, ta riƙa hawa motar haya zuwa Maigatari da Gagarawa Tasha da garinsu, daga nan ta hau acaɓa zuwa ƙauyukan da ke kewaye. Kowace makaranta takan je ranar kasuwa, ta sake komawa ranar da ba kasuwa, ta shiga aji aji ta ƙirga yara da kanta, da safe da kuma bayan an dawo daga hutun da yara ke kira tara. Rana ta dafa ta, takalminta ya tsinke a wani ƙauye har sai da matar hedimasta ta ara mata silifa.

Abin da ta tarar bai yi mata daɗi ba. Yaran da ke fashi ranar kasuwa ba su kai rabi ba, wajen kashi ɗaya ne cikin uku. Ƙananan azuzuwa kusan a cike suke, sai daga aji huɗu zuwa sama ne kujeru ke zama wayam. Kuma da yawa daga cikin masu fashin sukan zo da safe, sai an fita tara su sulale, domin kasuwa ba ta cika sai rana ta ɗaga. Wani hedimasta a wani ƙauye kusa da Maigatari ya ce mata in aka rufe makaranta gaba ɗaya, su ma yaran da ke zuwa yanzu kasuwar za ta janye su, kuma wanda ya ɗanɗana kuɗin dako da wuya ya dawo aji da zuciya ɗaya. Ranar da ta ja layi a kan kashi saba'in ɗinta ta rubuta ainihin abin da ta ƙirga, sai da ta daɗe tana kallon takardar.

Saura maganar Asabar. Ni'imatu tana da kawu a Gagarawa, Malam Ishaƙ, wan mahaifiyarta, wanda ke da makarantar allo da kuma Islamiyya a ƙofar gidansa. Ta daɗe tana kauce wa zuwa wurinsa da wannan magana don ta san abin da zai ce. Ta same shi a zaure bayan La'asar, ta durƙusa ta gaishe shi, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kwashe bayanin muƙalarta ta faɗa masa, ta ce ta zo ne ta ji ta bakinsu.

Malam Ishaƙ ya saurare ta har ta kai aya. Ya ce niyyarta mai kyau ce, amma ta sani a ranakun mako yaran boko ba sa iso masa sai da yamma, a gajiye, abin da ake samu kaɗan ne. Asabar da Lahadi ne ake zama a yi musu fiƙihu da hadisi a tsanake. In gwamnati ta ɗauke Asabar, an tilasta wa iyaye su zaɓa tsakanin karatu biyu ke nan, kuma shi ya san abin da mafi yawansu za su zaɓa. Ajin da take kuka ya ragu ranar kasuwa, ranar Asabar sai ta same shi babu kowa sai malami da allo. Ya ƙara da cewa malaman bokon ma da yawansu iyalinsu suna Gumel ko Haɗeja, ƙarshen mako ne suke ganinsu.

Harshen Ni'imatu ya yi ta ƙaiƙayi. Amsoshi sun zo mata har bakin leɓe, irin waɗanda take kayar da abokan muhawara da su. Ta haɗiye su, ta ci gaba da rubuta abin da yake faɗa, har ta roƙe shi ya maimaita wani wuri. Malam Ishaƙ ya dube ta ya yi dariya.

Ya ce, "Yau wace rana, ana magana Ni'ima ta yi shiru tana saurare. Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Ta koma Gumel jiki a sanyaye. Ta gaya wa Malam Enoch muƙalarta ta mutu, domin lissafinta ya rushe, Asabar ɗinta ma ta rushe. Ya tambaye ta ko yaran da ta gani suna sulalewa sun daina sulalewa. Ta ce a'a. Ya ce to matsalar tana nan da ranta, maganin da ta fara kawowa ne bai dace ba, ta je ta sake kallon abin da ta tattaro, ta ga me yake nuna mata. Bai gaya mata amsa ba.

Ita da kanta ta gano ta, tana zaune a ɗakin karatu tana jera alƙalumanta na safe kusa da na bayan tara. Tun da yawancin yaran suna zuwa da safe, ba sai an rufe makaranta ba, ba kuma sai an taɓa Asabar ba. A ranar kasuwa a shiga aji da wuri, a fara da lissafi da karatu da rubutu, a tashi a lokacin tara, sannan darussan da aka rasa a rarraba su kaɗan kaɗan a kan sauran ranakun mako. Matsaya ce da ba ta kai ta farko amo ba, amma kowace ƙafarta tana taka ƙasa.

Ta sake rubutu daga farko. Sabon daftarin ma ya dawo da jan biro. Malam Enoch ya ce ta kawo hujjar masu adawa, amma ta kawo ta a raunane don ta ji daɗin kayar da ita. Ya ce ta rubuta maganar kawunta yadda in ya karanta zai ce lalle haka na faɗa, sannan ta amsa. Ta yi hakan, ta ga amsar tata ma ta ƙara ƙarfi. A daftari na gaba ya zagaye sakin layin yarinya mai tallar gyaɗa, wanda aka yi ta tafa mata a kansa, ya ce ya yi tsawo kuma yana jinkirta mai karatu kafin ya san matsayarta. Wannan ya fi komai yi mata ciwo. Ta kwana da shi a ranta, washegari ta rage shi zuwa jimla biyu, ta sa matsayarta a fili a shafin farko. Sharifa kuwa, da suka shirya, ita ta riƙa karanta mata muƙalar a bayyane, duk inda ta yi tuntuɓe sai Ni'imatu ta sa alama ta san jimlar tana da matsala.

Ana gobe za a kafe sunaye ta kai masa daftarin ƙarshe. Ta zauna tana kallonsa yana juya shafuka, bironsa a hannu. Ya gyara harafi ɗaya a wani wuri, ya ci gaba. Da ya kai ƙarshe ya koma shafin farko, ya ajiye jan biron, ya ɗauko shuɗi ya sa hannu. Ya ce ta gamsar da shi. Ni'imatu ta karɓi muƙalar ta yi masa godiya.

Ranar karewa an gayyato wata farfesa daga wata jami'a ta shugabanci kwamitin. Ni'imatu ta yi bayani a taƙaice, ba tare da ɗaga murya ba. Farfesar ta tambayi yadda ta samu alƙalumanta, ta faɗi makarantun da ta je da yadda ta ƙirga. Ta tambaya ko rage lokacin karatu ba zai zama an halasta aikatau ga yara ba, Ni'imatu ta nuna mata inda ta kawo wannan suka da kanta ta kuma amsa shi. Sai farfesar ta rufe muƙalar ta ce, to yaran da ke kora dabbobi zuwa kasuwar Maigatari tun asuba fa, waɗanda ko da safen ba sa leƙa aji?

Ni'imatu ta ji tsohon halin yana taso mata, yana nuna mata hanyoyin da za ta zagaye tambayar da daɗin baki.

Ta ce, "Ranki ya daɗe, shawarata ba ta kai gare su ba. Ban da amsarsu. Wannan yana buƙatar wani binciken."

Farfesar ta yi rubutu a takardarta, fuskarta ba ta nuna komai ba. Aka ce Ni'imatu ta jira a waje. Ta zauna a benci kusa da Sharifa, tana ta saƙa cewa amsar ƙarshen nan ta kashe ta. Da aka kira ta, shugaban sashe ya ce muƙalar ta wuce da sakamako mai kyau. Farfesar ta ƙara da cewa amsar ƙarshe ita ta sa ta yarda da sauran amsoshin, ta kuma umarce ta da ta rubuta wannan giɓi a kammalawa kafin a ɗaure kundin, tare da wasu 'yan gyare-gyare. Ni'imatu ta karɓi takardar gyaran da hannu biyu.

Da ta fito, sai ta zube a kan bencin tana dariya hawaye na zuba. Sharifa ta rungume ta. Da ta ɗan natsu ta kira Inna Mairo a waya. Ana jin hayaniyar rumfa da ƙarar kwanuka a bayanta. Inna ta tambaya a tsorace ko lafiya, Ni'imatu ta ce lafiya lau, ta ci. Inna Mairo ta yi ta jera hamdala, sannan aka ji ta juya tana gaya wa matan layin, guɗa ta tashi har sai da Ni'imatu ta janye wayar daga kunnenta.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, iya magana daban, samun gaskiya daban. Duk wanda zai kare wata matsaya, a rubuce ko a baki, to ya tabbatar da hujjarsa kafin ya faɗe ta, kada ya ƙirƙiri abin da bai gani ba don ya ƙawata zancensa, kuma ya saurari wanda ya saɓa masa da zuciya ɗaya, domin sau da yawa a bakin mai suka ake samun abin da zai gyara aiki. Rubutun farko mafari ne kawai, komawa kansa ba gazawa ba ce. Wanda ya nuna maka kuskurenka tun kana da damar gyarawa masoyinka ne, ko da maganarsa ta yi maka ɗaci. Ni'imatu ta yi sa'a ta samu malamin da ya tsaya mata a ranar da girman kai da gaggawa suka kusa raba ta da karatunta. Ba kowa ne yake samun irin wannan dama ta biyu ba, saboda haka mai hankali ya karɓi gyara tun a karo na farko.